Yadda Na Yi Alƙalancin Shayi A Nassarawa

Ga shi hunturu ya kama, makarantu sun ba da hutun ƙarshen shekara, na kuma san da yawa daga cikinku yanzu kuna gida, ko wanne da safe ya rungume kofin shayi yana jin ɗumi. Wannan ya tuna mini da wani alƙalanci da na taɓa yi ina ɗan makaranta kamarku, wanda har yau in na tuna shi sai kunya ta rufe ni. Bari in ba ku labarin, ko Allah ya sa wani ya tsallake ramin da na faɗa.

A shekarar na yi hutu gidan Kawuna a Nassarawa ta Kano, ba nisa da Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya buɗe makaranta cikin 1909. Unguwa ce da aka yanka wa Turawan mulki tun farko, ga hanyoyi masu faɗi, ga manyan itatuwa, sanyinta kuwa ya fi na cikin birni cizo. Kawu tsohon malamin gona ne, ya yi karatu a Ingila, shi ne kuma ke biya mini kuɗin makaranta. Na zo tare da wani abokina, ɗan ajinmu, mutumin Kakara ta kan tsaunin Mambila, domin garinsu ya yi nisa, kuɗin mota kuwa babu. Mahaifiyarsa da ta ji inda ya sauka, sai ta aiko wa gidan da tsaraba, watau ganyen shayi ƙunshi guda cikin takarda.

Wata rana bayan sallar isha muna hira, sai gardama ta tashi a kan shayin da za a ba baƙi ran taron dangi. Kawu ya ce ba wanda ya kai na cikin gwangwanin nan nasa mai zanen zinariya, wanda ya zo da shi daga London. Hajiya, uwargidansa, ta ce nata mai kayan yaji shi ne maganin hunturu. Wani maƙwabci ya kawo kwalin na Silan, ƙasar da ta koma Siri Lanka cikin 1972. Baba maigadi, mutumin Azbin, murmushi kawai ya yi, ya nuna 'yar butarsa. Na biyar shi ne ƙunshin abokina. Kawu ya dube ni ya ce, "To, Malam ƙarami, kai ne ka fi kowa baki a gidan nan, gobe kai za ka yi mana alƙalanci."

Kafin mu kwanta ya karanta mana kaɗan daga abin da ya sani. Ya ce baƙin shayi da kore duk ganyen itace ɗaya ne, asalinsa ƙasar Sin. In an tsinko ganyen aka murza aka bar shi ya sha iska har ya rine, kāna aka busar, shi ne baƙi. In kuwa aka gasa shi ko aka turara nan da nan, sai ya zauna kore. Ya ce har sunayen nan biyu da muke da su daga Sin suka taso: "shayi" ya iso mu ta bakin Larabawa, "ti" kuwa ta bakin Turawa, waɗanda suka ɗauko shi cikin jiragen ruwa. Na ji maganar, amma hankalina duk yana kan gwangwani.

Da gari ya waye aka jera kofuna farare a kan tebur. Kawu ya bi ƙa'idar masu ɗanɗana shayi na kamfanoni: ganye giram 2 ga ruwa mililita 100, ruwan kuwa tafasasshe, a rufe minti 6 daidai. Ya nuna mini yadda suke zuƙa daga cokali da ƙara, domin ruwan ya watsu ko'ina cikin baki, sa'an nan su tofar. A bayan ko wane kofi aka ajiye mazubin da ganyensa ya fito.

Na fara da na Silan. Jajawur yake, garau har kana ganin gindin kofi, da ɗan bauri mai kama gefen harshe. Na Hajiya kuwa tun kafin in kai baki ƙamshin kanumfari da na'a-na'a ya tarye ni, citta ta bi maƙogwaro da zafi, nan da nan goshina ya tsatso gumi. Baba maigadi ya ƙi tebur, ya ce nasa ba ya son gaggawa. Muka tsuguna bakin ƙofa, ya fifita gawayi, ya dafa koren ganye, yana ɗaga buta sama yana tsiyayawa cikin 'yan finjalai har kumfa ta taru. Dahuwa uku ya yi da ganye ɗaya: ta fari ɗaci kamar maɗaci, ta biyu ta sassauta, ta uku zaƙi zalla.

Saura biyu, na gwangwani da na takarda. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Na kurɓi na Kawu, na lumshe ido, na ce ban taɓa jin irinsa ba, ƙamshinsa na sarakuna ne. Na kurɓi na takarda, na yamutsa fuska, na ce, "Wannan ai warin ciyawa yake yi, shayin tasha ke nan." Yara suka fashe da dariya. Na ba gwangwani na ɗaya, takarda na biyar. Abokina bai ce uffan ba, sai ya sunkuyar da kai yana murza bakin rigarsa.

Kawu ya lura da shi. Ya ce, "Alƙali, hukuncinka ya yi mini daɗi, amma a aikinmu na gona ba mu karɓar magana sai an gwada." Ya ba mu labarin wani masanin lissafi na Ingila, Ronald Fisher, wanda wata mata ta ce masa tana iya gane ko madara aka fara zubawa cikin kofi ko shayi. Fisher ya tsara a ba ta kofi 8 a hargitse, 4 na wannan, 4 na wancan, ta rarrabe. Ya lissafa cewa mai kintace ba zai dace da dukansu ba sai sau 1 cikin 70. Ya rubuta wannan cikin littafinsa na 1935, har yau kuma masu bincike na koyo da shi.

Aka fitar da ni waje, aka dafa kofi 8, huɗu daga gwangwani, huɗu daga takarda, aka ɗauke mazubai. Na dawo na zuƙa, na sake zuƙa, na duba launi, na shinshina. Wallahi, duk ɗaya na ji su! Gumi ya karyo mini cikin sanyin nan. Na dai zaɓi huɗu na ce su ne na London. Aka duba ƙarƙashin kofuna, biyu na dace, biyu kuwa na takardar da na zaga ne.

Nan Hajiya ta kasa riƙe dariya. Ta ce, "Alhaji, a gafarce ni. Ganyen da ka zo da shi ya ƙare tun bara. Na ga kana son gwangwanin, sai nake sayo na Mambila a kasuwa ina cika maka." Kawu ya yi shiru, kāna ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Ashe shekara guda gwangwani nake sha!" Ya ƙara da cewa ai da ma Ingila ba ƙasar noman shayi ba ce, sayowa suke yi daga Indiya da Silan da Kenya, su gauraya, su zuba cikin mazubi mai kyau. Kenya ma sai 1903 aka fara dasa shi can, a Limuru.

Kowa na dariya, ni kaɗai na rasa inda zan sa kaina. Ganyen lambu ɗaya na ba na ɗaya, na kuma ba shi na biyar, a gaban wanda ya kawo shi. Da dare na sami abokina kwance ya juya wa ɗaki baya. Na ce, "Ɗan'uwa, ka yafe mini." Ya daɗe bai amsa ba. Can ya ce, "Ka san aikin Innata? Tsinkar ganyen nan take yi. Da asuba take fita cikin hazo da kwando a baya, tana tsinko toho da ganye biyu na bisa, ɗaya bayan ɗaya, da hannu. Da kuɗin ta sai mini akwatin da na zo makaranta da shi." Ya ce ya yafe, amma sai da muka koma makaranta da mako biyu kāna ya sake yin wasa da ni kamar dā. Ran taron dangi shayin Mambila aka ba baƙi, Hajiya ta jefa masa citta, Baba maigadi kuma ya tara dattawa bakin ƙofa da 'yar butarsa.

To, ku 'yan makaranta, cikinku akwai waɗanda za su zama alƙalai, da malamai masu duba takardun jarrabawa, da masu ɗaukar mutane aiki. Ran da aka ajiye muku ɗan mai hali da ɗan talaka, ko ɗan garinku da baƙo, ku tuna da kofunan nan takwas, ku sa a kawar da gwangwani tukuna. In kuna so ku san ƙarfin idonku a kan harshenku, ku gwada cikin hutun nan: ku sami shayi iri biyu, ku sa ƙanenku ya zuba muku a ɓoye, ya rubuta alama ƙarƙashin ko wane kofi. Wanda ya rarrabe duka takwas, ya rubuto mana. Allah ya sa ku koma makaranta lafiya, amin.