Daga Aboabo Zuwa Suame: Ranar Da Muka Je Sayen Injin Yankan Ƙarfe

Goro ne ya fara kawo kakanninmu ƙasar Asante, musamman bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, lokacin da fatake da yawa suka watse, wasunsu suka yada zango a Kumasi. Ni kuwa ƙarfe ya kawo ni a wannan karon. Ƙanena da ke zaune a Aboabo ya gama koyon walda, an yaye shi, mu kuma 'yan uwa muka haɗa masa kuɗin adashe don ya sayi injin filasma na yankan ƙarfe. Hajiyarmu ta ce in zo da kuɗin da kaina, in kuma tsaya a yi cinikin a gabana, don a ciki har da kuɗin ragunanta biyu.

Da safe muka sha koko da ƙosai a bakin titi. A Zongo ba ka jin baƙunta: mai shayi Hausa, mai waakye Hausa, sai dai a tsoma maka Twi nan da can. Daga nan muka hau trotro zuwa Suame Magazine. Wanda ya san Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, to ya ninka su a ransa. Sunan ya samo asali ne daga ma'ajiyar makaman soja ta zamanin Turawa, yau kuma gari ne guda na makanikai, maƙera da masu walda, ana ƙiyasta masu cin abinci a ciki da kusan 200,000. Ƙasa baƙa ƙirin da baƙin mai, guduma ba ta shiru.

A shagon farko aka nuna mana injin ɗan Sin, irin wanda ake rubuta wa CUT-40. A na biyu muka ga na Hypertherm, kamfanin Amurka da aka kafa a 1968, mai shagon kuma ya ce zai iya samo mana ESAB ko Lincoln Electric in muna so. Kuɗin mai suna ɗaya zai sayi ɗan Sin da dama. Ƙanena idonsa na kan na Amurka. Ya ce, "Yaya, araha ba ta ado. Ka ara mini cikon." Cikon nan kuwa jarin shagona ne. Na ce a'a, mu fara zuwa wurin maigidansa tukuna.

Masta, kamar yadda yaransa ke kiransa, dattijo ne da ya tsufa a kan ƙera bodin tifa. Bai ce mu sayi wannan ko wancan ba. Kunna nasa ya yi, ya nuna mini yadda abin yake: kwamfaresa na turo iska ta wani siririn baki, wutar lantarki ta mai da iskar harshen wuta mai tsananin zafi, ta narkar da ƙarfen, ƙarfin iskar ya hure narkakken. Shi ya sa yake yanka alminiyom da ƙarfen da ba ya tsatsa, waɗanda wutar gas ba ta iya musu yanka mai kyau.

Sai ya juya ga ƙanena ya ce, "Kai, me kake yanka?" Ƙofofi, tagogi, murhun gawayi, akwatin 'yan makaranta. Duk ba su wuce milimita 3 zuwa 6 ba. Masta ya ce mai amfiya 40 zai yi wannan yana dariya. Sai an doshi milimita 10 zuwa 12 yake fara ja da baya. Ya nuna mana lambar da ke jikin injin, kashi 60 cikin 100: wato a kowane minti 10 ya yi aiki 6, ya huta 4. Mai yankan farantin tifa tun safe har magariba, shi ne ke bukatar mai suna, don ya fi juriya, yankansa ya fi tsafta, ba sai an bi da giranda sosai ba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne maganar baki. Bakin injin da ɗan ƙarfen da ke cikinsa cinyewa suke, kullum cikin canji ake. Na ɗan Sin, mai hannun PT-31, a leda ake sayar da su, lungu-lungu. Na mai suna ya fi daɗewa, amma da tsada, in ya yanke a kasuwa kuma sai ka jira a kawo daga Accra, ga jabu ya yi yawa. Masta ya ce, "Kada ka sayi dokin da ba ka da dawar ba shi."

Ya ƙara da abu biyu da mai shago bai faɗa ba. Kumasi gari ne mai laima, ruwa na taruwa a tankin kwamfaresa, in ya biyo iska ya cinye baki nan da nan. Sannan ga dumsor, wuta ta tafi ta dawo da ƙarfi. Ya nuna mana wani ɗan Sin a lungu da fanel ɗinsa ya ƙone a haka, ba garanti, ba wanda za a kai wa kuka. Amma a Suame akwai yaran da ke gyara irinsa a yini ɗaya.

Mun koma shagon farko. Muka sa aka gwada injin a gabanmu a kan guntun ƙarfen da muka zo da shi. Muka saya, muka haɗa da kwamfaresa mai babban tanki, matatar ruwa, sitabilaiza, da ledar baki uku. Sauran sidin na damƙa wa ƙanena ya sayi ƙarfen fara aiki.

A trotro bai yi mini magana ba har muka wuce Kejetia. Sai da muka sauka, ana kiran la'asar a masallatan Aboabo, ya ce, "Yaya, ranar da na samu aikin tifa fa?" Na ce ranar nan injin da kansa zai biya kuɗin magajinsa. Da dare na kira Hajiya na ce mata ragunanta sun zama ƙarfe. Ta ce Allah Ya sa albarka, kuma ƙofar farko tata ce.