Renon 'Ya'yan Gizo

Jama'a, duk wanda ya ji ina kiwon gizo-gizo sai ya dube ni sau biyu. Maiɗakina ma cewa ta yi, "Malam, kaji sun ƙare a kasuwa ne?"

Nawa babba ne mai gashi, irin na Kudancin Amurka da ake kira tarantula. Macen takan saƙa farar jaka ta zuba ƙwai a ciki, ta riƙa juya ta don kada su manne, amma in an dame ta sai ta cinye abinta. Shi ya sa masu kiwo kan ɗauke jakar bayan kamar kwana 30.

Ni kuwa garaje ya sa na ɗauke ta farko tun kwana 10, ga hunturu. Ƙwan suka bushe ƙayau, na kwana biyu ban ji daɗin tuwo ba.

A karo na biyu na jira. Na zuba ruwa a gindin roba, na ɗaure yanki a sama, na farke jakar a hankali na baza ƙwan a kai, na rufe da murfi mai huji. Kullum kafin in tafi makaranta sai na tsince wanda ya yi baƙi, don kada fumfuna ta kama sauran.

Ran da suka yi saɓa suka fara tafiya, maiɗakin nan tawa ce ta riga ni ƙirga su. Har yau dai ba ta yarda robar ta kwana a ɗakinta ba.