Barguna Huɗu, Hannu Biyu

Barguna huɗu nake ɗinkawa a yanzu, kuma a cikinsu babu wanda ya kai a lulluɓa da shi. Duk wanda na gaya wa haka sai ya jefo mini karin maganar nan, wai taura biyu ba ta taunuwa, balle huɗu. Na daɗe ina juya maganar, na ga ba yawan taurar ne ke hana su ƙarewa ba. Akwai wani wuri guda da kowannensu yake zuwa ya cije, kuma sai da na gane wurin sannan na fara kai aiki ƙarshe.

Bari in fara bayyana irin ɗinkin, don ba kowa ya san shi ba. Bargon faci hawa uku ne. A sama akwai fuska, wadda ake haɗawa da guntayen ƙyalle kala-kala. A tsakiya akwai auduga. A ƙasa kuma shafi. Sai a bi su da ɗinki layi-layi har ukun su zama abu ɗaya, sannan a kalmashe bakin. Wanda ya taɓa kallon 'yan lifidi a hawan salla ya san dabarar, domin lifidi ma yadi ne da aka cusa wa auduga aka bi shi da ɗinki don ya tare kibiya. Nawa dai sanyi kawai yake tarewa. Salon da nake bi kuwa na matan Amurka da Ingila ne, a YouTube na koye shi.

Na farko a cikin huɗun, da ragowar atamfar da telan unguwarmu yake tara mini a buhu nake yin sa. Tsarinsa wanda Amurkawa ke kira bukkar katako ne, wanda ya yi tashe a ƙasarsu a shekarun 1860: a sa jan ƙyalle a tsakiya a matsayin murhun gida, a riƙa kewaye shi da siraran ƙyallaye. Gida 48 ne, kowane gida ƙyalle 13, jimilla 624. Na biyu na hannu ne zalla, 'yan ƙananan ƙyallaye masu kusurwa shida kamar saƙar zuma, kowanne an naɗe shi a jikin takarda. Na uku ƙarami ne, na jaririn da wata abokiyar aikina take sa ran haihuwa. Na huɗu da zannuwan Umma nake yin sa, Allah ya jiƙanta. Zan dawo kansa.

Yawan nan yana da amfaninsa, domin kowane bargo da lokacin da ya dace da shi. In an kawo wuta, na bukkar katako nake jawowa, tunda yana son keken ɗinki da dutsen guga: kowane layi aka ɗinka sai an goge shi kafin a ɗora na gaba. In an ɗauke, sai na saƙar zuma, wanda allura da fitilar waya sun ishe shi, kuma yana shiga jaka ya bi ni layin banki ko na asibiti. Yanka kuwa ba na yin sa sai da safe, ido garau. A wannan ɗinki rubu'in inci ake bari a bakin kowane ƙyalle. In aka kauce da ɗan abin da bai fi kashi ɗaya cikin 16 na inci ba, aka maimaita a layi 16, to an yi asarar inci guda, kusurwoyi ba za su haɗu ba. Ɗinki yana warwaruwa, amma abin da almakashi ya ci ya ciwu. Saboda haka ranar da na wuni ina kallon kwamfuta, ba na kusantar almakashi.

To ina suke cijewa? Daidai lokacin da fuska ta haɗu. A ranar ne bargo yake yi wa mai shi ƙarya. Ka shimfiɗa shi a gado ya yi kyau, ka ɗauke shi hoto ka tura wa 'yan uwa a WhatsApp, a yi ta sa maka albarka. Zuciya ta karɓi ladanta ke nan, ta koma neman sabon ƙyalle. Alhali abin da ke gabanka zani ne shara-shara mai ɗinki dubu a bayansa, ko kyanwa ba zai ɗumama ba.

Aikin da ya rage shi ne mai cin jiki. Sai ka ture kujerun falo, ka share ƙasa, ka shimfiɗa shafi, ka ɗora auduga, ka ɗora fuska, ka durƙusa kana kafe su da fil. Bargo mai inci 60 a faɗi da 80 a tsawo, in za ka sa fil a kowane inci huɗu, kusan 300 yake ci. Daga nan sai kokawar tura wannan ƙaton abu ta ɗan ramin keken ɗinki, kafaɗu suna ciwo, zufa tana zuba. In ka tsallake wannan, ga kalmasar baki tana jira, inci 280, wato fiye da mita bakwai na ɗinkin hannu. Babu sabuwar kala, babu abin nuna wa kowa. Masu wannan ɗinki a Amurka har suna suka raɗa wa irin waɗannan barguna da aka jingine, kuma harufan sunan sun zo ɗaya da na baƙin abubuwan nan da ake cewa ana gani suna shawagi a sararin sama. Sun yi gaskiya, domin su ma ba su sauka ba.

Mu masu rubuta manhajar kwamfuta mun san wannan ciwo. Akwai wata ba'a da ake jingina wa Tom Cargill na Bell Labs, wadda Jon Bentley ya yayata a 1985. Ma'anarta, kashi 90 na farko na aiki yana cin kashi 90 na lokaci, kashi goman da ya rage shi ma sai ya ci wani kashi 90 ɗin. Amma abin da na lura da shi a wurin aiki shi ne, duk da haka muna gamawa. Ba don muna jin daɗin kashi goman ba. Muna gamawa ne saboda akwai abokin aiki da zai duba abin da ka rubuta, akwai mai jiran ya yi amfani da shi, akwai ranar da aka tsayar. Manhajojin da na fara don kaina kuwa, waɗanda ba wanda ya san da su, suna nan kwance a kwamfuta, 'yan uwan barguna.

Da na bi tarihin ɗinkin, sai na tarar matan da suka rene shi sau da yawa ba sa ɗaukar wannan mataki a matsayin aikin mutum ɗaya. A ƙauyukan Amurka na ƙarni na 19, mace takan haɗa fuskar bargonta ita kaɗai a gida, amma in aka zo haɗa hawa ukun, sai a ɗaure shi a jikin katakai huɗu, maƙwabta su kewaye shi, kowace da allurarta. Haka matan Gee's Bend suke yi, wani ƙauyen baƙar fata a jihar Alabama, jikokin bayin da aka kai gonakin auduga. Da tsofaffin kayan aiki da buhuna suke ɗinka nasu don su tare sanyi. A 2002 aka baje bargunansu a gidan adana kayan fasaha na birnin Houston, daga nan aka kai su New York, a 2006 kuma hotunansu suka hau kan sarkin Amurka. Abin da suke yi, mu gayya muke ce masa. Bidiyon da na koya a ciki ya nuna mini yadda ake riƙe allura, amma mace ɗaya tilo ya nuna mini a ɗaki ita da kekenta.

Bara barguna biyar gare ni. Na biyar ɗin ya yi wata 14 a ninke, fuska a haɗe. Wata Asabar sai na kira Yaya da maƙwabtana biyu, na dama kunun gyaɗa, na soya ƙosai. Babu wadda ta taɓa ɗinka bargo a cikinsu, amma duk sun iya riƙe allura, ɗaya ma ɗinkin hula take yi. Muka ja layi da alli, kowa ta kama kusurwarta. Ɗinkin Yaya manya-manya, na mai hula kuwa kamar an jera gero. Asabar biyu muka yi, ya ƙare. Yanzu yana Jos wurin goggonmu, kuma a sanyin da ya wuce ta bugo mini waya musamman don ta ce ba ta ƙara kwana da safa ba.

Daga nan na sa wa kaina 'yan ƙa'idoji. Ba na yanka sabon bargo sai ɗaya ya bar gidan. Wannan dabara ce da muka aro a wurin aiki daga tsarin kanban na masana'antar Toyota, inda ake ƙayyade yawan aikin da ke hannu a lokaci guda. Kowane bargo kuma na maƙala masa takarda mai ɗauke da sunan mai shi, kuma na gaya wa mai shi, tunda kyan alkawari cikawa. In zan tashi daga ɗinki da dare, sai na zura zare a allura na soke ta daidai inda zan ci gaba, don gobe kada neman almakashi ya zama hujja. Ranar haɗa hawa uku kuwa, da mutane nake tsayar da ita. Ranar da na sa wa kaina ni kaɗai takan ɗaga, amma wadda Yaya ta biya kuɗin Keke Napep dominta ba ta ɗagawa.

Duk waɗannan sun yi aiki a kan barguna uku. Na Umma ne bai ji su ba.

Da aka raba kayanta, zannuwa tara ne suka zo a rabona. Na san kowanne. Ga shuɗin da take ɗaurawa in za ta asibiti, ga mai ganyen da aka yi anko a bikin Yaya, ga wani da ya koɗe a gefe ɗaya saboda goyon Auta. Sai da na shekara kafin na iya sa musu almakashi. Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa shi ne labarin Missouri Pettway, ɗaya daga cikin matan Gee's Bend, wadda a 1942, bayan rasuwar mijinta, ta yanka kayan da yake zuwa gona da su ta haɗa bargo. Har yau in ka ga hotonsa, kana iya gane inda gwiwar wando ta cinye. Na yanka, na haɗa fuska a wata uku, na ninke. Yau shekara biyu ke nan.

Yaya ce ta faɗi abin da ke ƙasa. Ta ce, "Ke dai faɗi gaskiya, ba lokaci ne ba ki da shi ba. Muddin ba ki gama ba, kina da sauran aiki da Umma. Shi ne ba ki son ya ƙare." Ban ba ta amsa ba, don ban da ita. Wani aikin ba kasala ce ke riƙe shi ba, kuma takardar ƙa'idoji ba ta san hanyar zuwa wurinsa ba.

Amma an sa ranar Auta, bayan babbar salla. Tana da shekara 14 Umma ta rasu. Mu duka Umma ce ta tsaya a kan kayan ɗakinmu, ta zaɓi labule, ta ƙirga tukwane, ta yi faɗa da kafinta. Auta ce kaɗai za a yi wa jere babu ita. Da na gaya mata na wa ne bargon, shiru ta yi a waya, can ta ce, "Yaya, don Allah a sa mai goyon nan a tsakiya." Na ce mata can yake tun farko.

Mun tsayar da Asabar ta farko bayan ƙaramar salla. Yaya za ta zo, Goggo ta ce ko da rarrafe sai ta sauko daga Jos, ƙanwar Umma ma ta ce a ajiye mata allura mai babbar kafa, don idonta ya yi rauni. Ba na sa ran layukan za su miƙe, kuma na yanke ba zan warware ko ɗaya ba.

A gidan tarihi na Bennington da ke jihar Vermont akwai bargon wata mata, Jane Stickle, wanda ta gama a 1863, Amurka na tsakiyar yaƙin basasa. Ƙyalle 5,602 ne a jikinsa. An san adadin ne saboda ita da kanta ta ɗinka shi a kusurwa, tare da sunanta da shekarar. Ni ma na yanke wani farin ƙyalle da zan lika a bayan na Auta. Zan sa shekara, in sa cewa zannuwa tara ne, in sa sunan mai zannuwan. Ƙasa da shi na bar fili, kowace mace da ta sa hannu ta ɗinka sunanta da kanta.