Hasken da Murjani Yake Ci

Kalmar murjani ba baƙuwa ba ce a bakin Bahaushe. Daga Larabci muka aro ta, kuma duk wanda karatun allonsa ya kai Suratur Rahman ya gamu da ita har sau biyu. Wanda ya taɓa ganin an buɗe adudun tsohuwa kuwa ya san jan dutsen nan mai sanyin taɓawa da ake shiryawa a zare. Mu a Bana, tun muna yara, cikin duwatsun wuya muke lissafa shi, kuma har gobe in na tambayi ɗalibai mene ne murjani, amsar da suke ba ni ke nan. Ba su yi ƙarya ba, ƙarshen labarin ne kawai suka sani. Abin da kakanninmu mata suke ratayawa ƙashin wata dabbar teku ne.

Turawa ma sun daɗe suna gardama a kansa. A shekarar 1706 wani masani ɗan Italiya mai suna Marsigli ya ga wasu ƴan fararen abubuwa suna buɗewa a jikin reshen murjani, ya ce furanni ne, don haka murjani tsiro ne. Bayan kamar shekara ashirin sai wani likita ɗan Marsai, Peyssonnel, ya ce waɗannan furanni ƙananan dabbobi ne masu baki da hannuwa, kuma an ɗauki lokaci kafin a yarda da shi. Jan murjanin ado daga Bahar Rum yake fitowa. Ana ciro shi a gaɓar Tabarka ta Tunisiya da El Kala ta Aljeriya, ana sassaƙa shi a Torre del Greco kusa da Napoli, ya biyo fatake ta hamada ko ta jiragen ruwa har ya iso Afirka ta Yamma, inda Oba na birnin Benin (na Najeriya nake nufi, ba maƙwabciyarmu ta ƙetaren gada ba) ya mayar da shi tufafin sarauta. Wannan jan murjani ɗan duhu ne. A cikin koguna da tsagar duwatsun ƙarƙashin teku yake rayuwa, yana kama abin da ruwa ya kawo masa, kaurinsa ba ya ƙaruwa da ko milimita ɗaya a shekara.

Akwai kuma wani murjanin, wanda ban san shi ba sai ta hanyar ɗan ƙanwata da ke aiki a Jidda, a wani shago da ake sayar da kifayen teku da akwatunan gilashin da ake kiwonsu. Wata rana ya aiko mini da hoton akwati guda, cike da ruwa, a ciki ga wasu rassa kamar ƙahon barewa, ga wasu kamar kabeji, kore da shunayya da ruwan goro, duka suna walƙiya ƙarƙashin wata shuɗiyar fitila. Na ce masa: “Ɗana, wannan wace irin fitila ce mai kama da ta gidan rawa? Ba ku da fara ne?” Ya yi dariya ya ce: “Kawu, ai ba don mu aka kunna ta ba. Abincinsu ne.”

Maganar gaskiya ce ya faɗa, ba zolaya ba. Murjanin da ke gina tsaunuka a tekunan ƙasashe masu zafi, irin na Bahar Maliya da tsofaffin gidajen Jidda da na Suwakin suka samu dutsen gini daga gare shi, yana ɗauke da wata irin gansakuka a cikin namansa, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganin su. Gansakukar tana yin aikin da ganyen gero yake yi, wato tana haɗa abinci da hasken rana, sai ta ba mai masaukinta kaso mafi tsoka, wanda a wasu nau'o'in yakan kai kashi 90 cikin ɗari na abin da yake bukata. Shi kuma ya ba ta mafaka da taki. To, wanda ya ɗauko wannan halitta ya sa ta cikin ɗaki, ya raba ta da rana, wajibi ne ya zame mata rana. Kuma ba ranar da muka sani a doron ƙasa ba, domin ruwa cin launi yake yi. Ja ne ke fara ɓacewa a cikin ƴan mitocin farko, rawaya ta biyo baya, shuɗi ne ke nutsawa can ƙasa. Shi ya sa jan murjanin kakanninmu, a inda ya girma, baƙi-baƙi yake ga mai nutso sai in ya haska shi da tocila. Gansakukar kuwa ta saba da abin da ke iso mata, ta fi iya amfani da shuɗin haske, wajen nanomita 450.

Daga nan ne zaɓen fitila ya zama ilimi. Abu na farko da yaron ya koya mini shi ne, ba a tambayar idon mutum. Idonmu ya fi jin haske tsakanin kore da rawaya, kuma ma'aunin lumen da ake bugawa a kwalin ƙwan fitila a kan idonmu aka gina shi. Fitila tana iya kashe ido amma murjani ya rame a ƙarƙashinta, wata kuma ka gan ta dushi-dushi alhali ta yi masa yawa. Saboda haka masu wannan sana'a suna tsoma wata ƴar na'ura cikin ruwan, su auna hasken da tsiro ke iya amfani da shi, abin da suke taƙaita sunansa da PAR. Tsakar rana a fili irin namu yakan kai wajen 2,000 a wannan ma'auni. Murjani mai laushi yana wadatuwa da 50 zuwa 150, mai rassa da tauri irin Acropora yana son 200 zuwa 400 ko kusa da haka. Ke nan sai ka san abin da za ka kiwata kafin ka sayi fitila, ka san zurfin akwatin, sannan ka zaunar da kowanne a matakinsa, masu kwaɗayin haske a sama, masu kunya a gindin dutse. Akwai kuma batun shimfiɗar hasken. Ƙwayar fitilar led wuri guda take harbawa kamar tocila, in aka rataye ta kusa da ruwa sai tsakiya ta ƙone gefe ya zauna a inuwa, ƙasan rassa ya mutu. Gara fitila mai faɗi, ko biyu matsakaita, da guda ɗaya mai ƙarfi. Awa takwas zuwa goma ake barin ta a kunne, sauran lokacin dare ne, don murjani ma yana da darensa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ake karɓar baƙo. Sabon murjani ba a sakar masa hasken duka. Ana rage fitilar, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin makonni, sannu ba ta hana zuwa. In aka yi gaggawa sai ya kori gansakukarsa, ya koma fari fat, in ba a tarbi abin ba ya mutu da yunwa a tsakiyar haske. Irin wannan farin ne zafin ruwa yake jawowa a teku. Ya auka wa babban tsaunin murjani na Ostareliya, mai tsawon kilomita 2,300, a 1998 da 2016 da wasu shekarun, kuma a watan Afrilun 2024 masana na Amurka suka bayyana cewa abin ya game tekunan duniya karo na huɗu.

Kafin led, manyan ƙwayaye masu wat 250 ko 400 ake ratayawa, masu dafa ruwan har sai an nemi na'urar sanyaya shi. Abin da ya sauya lamarin shuɗiyar led ce, wadda ta gagari masana shekaru da dama, har Isamu Akasaki da Hiroshi Amano a Nagoya, da Shuji Nakamura a kamfanin Nichia, suka ci nasara a kanta. Ta shiga kasuwa a 1993, su ukun suka karɓi kyautar Nobel a 2014. Nan ne labarin ya iso ƙofar gidanmu, domin farar fitilar da ke haɗe da farantin sola a rumfar mai shayi, da tocilar wayar da ɗalibi ke bitar darasi da ita, da waɗanda ake jibgewa a kasuwannin Gaya da Kamba da Malanbil, duk ƴaƴan wannan shuɗiyar ne. Kuma mu ma da ido muke saye: mai shago ya kunna, wadda ta fi ɗauke ido ita ce ta fi kyau. Ba mai tambaya ko haskenta yana shimfiɗuwa a kan littafi, ko yaro zai jure awa biyu a ƙarƙashinta.

Ba zan ba kowa shawara a Dandi ya kafa irin wannan akwati ba. Ruwansa sai an haɗa masa gishiri na musamman, giram 35 a kowace lita, gishirinmu na Foga ba ya yi, sai an tsare zafinsa wajen digiri 25, kuma in wuta ta ɗauke famfo ya tsaya, ƴan awoyi sun isa a yi asara. Wasan masu hali ne, kuma ina da ƙyashin ganin an ciro halitta daga teku don ƙawata falo, ko da yake yanzu da yawansu yanka ake yi ana dasawa kamar rogo. Amma ilimin da ke ciki ba na masu hali ba ne. Tun da Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar a 2025, nauyin faɗin irin waɗannan abubuwa da Hausa ya hau kanmu, mu malamai, kuma muna da abin kamawa a kusa. Ga kogin Kwara nan yana wucewa ta Gaya da damina, jawur da laka. Wannan lakar da ruwan daɗin da manyan koguna ke zubawa a teku suna cikin dalilan da suka sa ba a samun tsaunukan murjani a gaɓar Kwatano da Legas, domin ruwa mai duhu ba ya barin haske ya sauka. Yaron Bana da bai taɓa ganin teku ba ya san wannan lakar da ƙafarsa.

Shuɗin kuwa ba sai an je Jidda ba. A aji nakan ce kowa ya duba tocilarsa a kashe, ya ga ɗan ɗigon rawaya da ke tsakiyarta. Shafi ne aka yi wa shuɗiyar ƙwayar, yana shan wani ɓangare na shuɗin ya mayar da shi rawaya, su biyun su gauraya ido ya ga fari. Yawancin yaran sun shekara suna riƙe da tocilar ba su taɓa lura da ɗigon ba, daga nan sai a yi ta miƙa ta daga benci zuwa benci.