Wasan Barkwanci Ba A Jefa Shi Ta Kan Katanga

Shekaru sun nuna mini cewa matashin da ya gama rubuta wasan barkwancinsa na farko, ya aika wa kamfanin shirya fim ba tare da an nema ba, yana zaton sallama ya yi a ƙofa, alhali kuwa kayansa ya jefa ta kan katanga cikin gidan da bai san mai shi ba. Ina tausaya masa ƙwarai, domin na san daren da aka raba kafin a haifi shafi goma masu ban dariya. Manyan kamfanonin Amurka sukan mayar da irin wannan saƙo ko buɗe ambulan ba su yi ba, kuma tsoron shari'a ne ke sa su, ba raini ba: idan sun karanta yau, gobe suka fitar da fim mai kama da shi, sai a kotu. Alal misali, Art Buchwald, marubucin barkwanci da ya yi suna a jaridun Amurka, ya ba kamfanin Paramount labarin wani basaraken Afirka da ya je Amurka. A 1988 fim ɗin Coming to America na Eddie Murphy ya fito ba sunansa. Ya kai ƙara, a 1990 kotu ta ba shi gaskiya. Abin lura shi ne, yarjejeniyar da aka sa wa hannu tun kafin nan ita ta cece shi. Doka tana kare kalmomin da ka rubuta, amma ba ta kare zallar dabarar labari, barkwanci kuwa sau da yawa dabarar ita ce dukiyar duka. Wanda ya aika da kansa ba takarda ba shaida, me zai nuna wa alƙali?

Sannan barkwanci ba ya cika rayuwa a kan takarda. Duk wanda ya kalli marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, ya san rabin dariyar tana cikin shirun da yake yi kafin ya yi magana, da yadda yake zare ido ya karkata wuya. Rubuta kalmomin da ya faɗa ka miƙa wa furodusan da ya gaji, sai ya ga layi biyu busassu. Gani ya kori ji: minti uku da ka ɗauka da waya kai da abokanka, har mutanen da ba su san ka ba suka yi dariya, sun fi shafi ɗari da ke kwance a akwatin saƙon wani.

Za a ce wannan magana ta masu uwa a gindin murhu ce, cewa ɗan talakan da ba shi da kowa a harkar ba shi da wata hanya sai ya aika ya yi addu'a. Akwai gaskiya a nan, kuma ba na son in rage mata nauyi, don rufe ƙofa ya binne baiwa mai yawa. Sai dai aikawa a makance ba ta magance wannan zalunci, ƙara masa zafi take yi, tunda shirun da zai biyo baya shi matashin zai ɗauka hukunci ne a kan basirarsa, alhali ba wanda ya karanta. Ƙofofin da aka buɗe da gangan su ne abin nema. Daga 2009 zuwa 2021 rediyon BBC ya yi shirin Newsjack, inda kowa ke iya aika ɗan gajeren barkwanci, idan an yi amfani da shi a biya marubucin a kuma ambaci sunansa. A Kano ma, Ado Ahmad Gidan Dabino sai da littafinsa In Da So Da Ƙauna ya zagaye hannun masu karatu kafin ya zama fim, lokacin kowa ya riga ya san mai labarin.