Komin da Muka Kafa a Kan Fa

Ya kai ɗalibi, idan ka taɓa zuwa Abeokuta, babban birnin Jihar Ogun, ka san gari ne na duwatsu. Sunansa ma da Yarbanci yana nufin "ƙarƙashin dutse", saboda dutsen Olumo, inda mutanen Egba suka fake a zamanin yaƙe-yaƙe. A can na yi shekaru ina koyar da Hausa, kuma a can abin da zan ba ka labarinsa ya faru.

Wata shekara na lura ɗalibaina suna haddace kalmomi irin su fartanya, taki, iri da komi, amma bayan mako guda sai su manta. Sai na ce mu yi ɗan lambu a bayan aji, don su riƙa taɓa abin da suke faɗa. Yaran suka rage kuɗin abincinsu suka sayi irin alayyafo da na latas, ni kuma na sayi katako da ƙusoshi. Da yake wurin gangare ne, tilas a kewaye komin da katako don kada ruwa ya kwashe ƙasar.

Da muka sa diga, ba mu haƙa fiye da taƙi ɗaya ba, wato kimanin santimita 20, sai ƙarfe ya yi ƙara a kan fa. Muka matsa gaba, haka. Muka koma baya, haka. Na san turke yana bukatar kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa ya nutse a ƙasa kafin ya tsaya da ƙarfi, amma gaggawa ta rinjaye ni. Na buga turakun iyakar inda suka tsaya, na kafa musu katako, muka cika komin da ƙasa da taki, muka yi shuka.

A watan Yuni aka kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da safe muka tarar katakon ɓangaren gangare ya kwanta, ƙasa da taki sun bi ruwa, tsiron alayyafo kuma yana warwatse cikin laka. Wata yarinya ta dube ni ta ce, "Malam, yaya sunan wannan da Hausa?" Na ce, "Zaizayar ƙasa." Kunya ta kama ni, domin kuɗin yara ne ya tafi, kuma laifin nawa ne.

Da yamma na tafi unguwar Sabo wurin wani dattijo mai lambu, na roƙe shi ya zo ya duba. Da ya zo, ya girgiza turke ɗaya da hannu, ya ce, "Malam, jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshiya nauyi. Tana tura katako waje, turkenka kuwa ba shi da gindi. In ƙasa ba za ta riƙe katako ba, sai katako ya riƙe ɗan'uwansa."

Na ce, "Baba, ta yaya?"

Ga abin da ya sa muka yi. Da farko muka ja igiya muka daidaita layi, muka share ƙasa har fa ya bayyana. Sannan muka haɗa katakai huɗu kamar akwati marar gindi, mita 2 a tsawo, mita 1 a faɗi. A kowace kusurwa muka sa guntun katako mai kauri daga ciki, muka buga ƙusoshi ta ɓangarorin biyu. A tsakiya muka gitta wani katako daga wannan gefe zuwa wancan, don kada dogayen gefunan su buɗe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Dabara ta biyu ta fi ba ni mamaki. A gindin kowane gefe ya sa muka kafa faffaɗan katako a kwance, yana kallon cikin komin, muka ɗora masa duwatsu. Da aka zuba ƙasa a kai, sai nauyin da ya kayar da aikina na farko ya zama shi ne yake danne wannan. Inda muka ga tsaga a jikin fa, muka buga guntayen rodi da guduma, suna tokare katakon daga waje. A ɓangaren gangare muka jera manyan duwatsu, muka bar 'yan kafofi a ƙasan katakon, muka zuba tsakuwa a bakinsu, don ruwa ya fita ƙasa ta tsaya.

Sai maganar gara. Dattijon ya ce a zaɓi katako mai tauri irin na iroko, a babbaka fuskar da za ta taɓa ƙasa. Ya hana mu shafa baƙin man mota, kamar yadda wasu suke yi, domin abinci za mu shuka. Daga ƙarshe muka cika komin, zurfin ƙasarsa ya kai santimita 30, wanda ya ishi saiwar alayyafo da latas.

Ruwan Yuli ya zo ya wuce, komin bai motsa ba. Kafin ƙarshen zangon karatu kowane ɗalibi ya tafi gida da damin alayyafo, kuma babu wanda ya sake manta ma'anar turke ko tsakuwa.

Saboda haka, idan za ka kewaye komi a gidanku ko a makarantarku, kafin ka sayi katako, soka sanda a wurare da dama ka ga inda ta tsaya. In ta nutse sosai, buga turakunka. In ta ci karo da dutse, kada ka yi irin gaggawar da na yi; haɗa akwatinka, ka danne shi da nauyin ƙasar da zai riƙe.