DAGA NGURU ZUWA GASHUWA: TSOHON KEKE MAI GIYA UKU

A Nguru ne hanyar jirgin ƙasa wadda ta taso daga Kano ta tuƙe, ta kuwa iso garin cikin 1930. Ta wannan dogo gyaɗa da ƙaro da fatu suka riƙa gangarawa kudu, ta nan kuma kayan kanti ke haurowa, har da kekuna. A wancan zamani manomin da ya sayar da gyaɗarsa ya sayi Raleigh, wanda jama'a ke kira Rali, to, ya kai mutum. Galibin kekunan nan giya ɗaya gare su. Amma akwai masu giya uku, irin na akawuna da manyan malaman makaranta, har yau kuwa akan ci karo da ɗai-ɗai daga cikinsu.

Daga Nguru titi ya miƙe gabas, ya bi ta Jajimaji, hedkwatar Karasuwa, ya kai Gashuwa, tafiyar kilomita 60 da 'yan kai. A hannun dama fadamun kogin Haɗeja ne, inda ake noman shinkafa da kamun kifi, inda kuma ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da dama. A hannun hagu kuwa jigawa ce da rairayi. Tun da aka janye tallafin man fetur cikin 2023 mutane da yawa sun jingine babur sun kakkaɓe tsohon keke, shi ke kai kifi kasuwa, shi ke kai taki gona.

A Gashuwa, garin Mai Bade, a bakin kogin Yobe, na zauna wurin wani dattijo mai gyaran keke a gindin darbejiya. Muna cikin hira sai ga wani saurayi ya turo Rali na mahaifinsa, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, in na taka sai feda ta zarce haka kawai, jiya saura kaɗan ya kayar da ni da buhun shinkafa. An ce in cire hob ɗin in jefar, a ɗaura mini na zamani."

Dattijo ya goge ƙurar hob ɗin da tsumma, ya ce, "Ɗana, wanda ya gaya maka haka bai san abin da ke ciki ba."

Ga abin da ke ciki, mai karatu. Kamfanin Sturmey-Archer na birnin Nottingham a Ingila ne ya soma ƙera irin wannan hob cikin 1902, samfurin da ya fi yaɗuwa kuwa, mai alamar AW, ya fito cikin 1936. A jikinsa akan buga shekara da watan da aka yi shi. Giyoyin duka suna rufe a cikin tulun ƙarfe a tsakiyar tayar baya, inda ƙananan ƙafafu huɗu masu haƙora ke kewaya wata guda da ke manne da aksul. Giya ta ɗaya tana rage gudun taya da kashi ɗaya bisa huɗu, don hawa tudu ko ratsa rairayi. Ta biyu tana barinsa yadda yake. Ta uku tana ƙara shi da kashi ɗaya bisa uku. Da yake kome a rufe yake, ƙurar hunturu ba ta cin haƙoransa kamar yadda take cin giyar da ke waje.

Sai dai yana da hali guda. Tsakanin giya ta biyu da ta uku akwai gurbin da babu abin da ke kamawa. In wayar canji ta saki, sai ta biyu ta zame ta faɗa gurbin nan, feda ta juya a banza. Dattijo ya sa giya ta biyu, ya leƙa ta hujin notin aksul, ya riƙa murɗa maɗaurin waya har kafaɗar ɗan sandan da ke jikin 'yar sarƙar canji ta yi daidai da bakin aksul, sa'an nan ya ɗaure ƙaramin noti. Shi ke nan.

Ya kuma buɗe 'yar ƙofar mai da ke bisa hob ɗin, ya sunsuna, ya girgiza kai. Man gyaɗa aka zuba. Shi kuwa in ya daɗe yakan daskare ya yi danƙo, ya riƙe 'yan harsunan ƙarfe waɗanda ke cafke haƙora. Ya wanke da kananzir, ya tsiyaye, ya ɗiga man inji mara kauri, ya ce wa yaron, "Ɗigo biyu ko uku duk wata. In za ka canja giya kuma, ka dakata da taka feda tukuna." Yaro ya hau ya zaga, giya uku duka suka kama.

Abin da ke damun dattijon nan shi ne rashin magaji, don yaran da ya koya wa sana'a duk sun koma gyaran babur da Keke Napep. Masana'antar Nottingham ma an rufe ta cikin 2000, aka kwashe injunanta zuwa Taiwan, saboda haka kayan gyara na asali sai dai a ciro daga jikin wani mataccen hob. Duk wanda aka sayar wa 'yan gwangwan, an yi asarar abin da zai rayar da wani.

Saboda haka muna kira ga masu irin wannan keke a ƙasar Bade da Nguru, kada su yi gaggawar rabuwa da shi. Su fara duba waya, su duba mai. Makarantun koyon sana'a na Jihar Yobe kuma ya kamata su nemi dattawan nan tun suna raye, su haɗa su da yara, gama da tsohuwar zuma ake magani.